Malafar Delbert da Dawar Misis Unruh

Duk wanda ya ce maka wasan roka harbawa ne, bai taɓa yin sa ba. Harbawa daƙiƙa goma ce. Sauran yinin kuwa a ƙasa kake yin sa, kana neman inda abarka ta faɗi, rana na dukan ƙeyarka, ƙaya na cin safarka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙungiyarmu na harba rokoki a makiyayar Misis Verna Unruh, a kudancin jihar Kansas ta Amurka. Ni Arlo ni ke riƙe da lasifika. Ni ke karanta katin da kowa ya cika kafin ya harba tasa, ni ke ƙirgawa, ni ke danna maɓalli. Saboda haka abin da zan faɗa muku a kan idona aka yi shi, rabinsa ma da bakina aka sanar wa duniya.

Damuwarmu dawa ce. Gabas da makiyayar akwai gonar dawar Misis Unruh, mil guda tsawo mil guda faɗi, kuma can iska ke son kai lemomin da rokokinmu ke saukowa da su. Roka ta faɗa ciki, mai ita ya bi ta, ya tattake abin da ya tattake. A watan Agusta ƙarti shida suka shiga neman roka ɗaya, suka fito ba roka, suka bar gonar kamar an yi kokawa a ciki. Ranar taronmu na wata sai ga tsohuwar ta shigo da takalmin robarta, ta zaro sabon kwaɗo daga aljihu ta dire shi a kan tebur.

Ta ce, "Saura wata guda girbi. Ƙafa ɗaya ta sake shiga dawata, wannan zai hau ƙofar shinge. Sai ku je ku harba a bayan ɗakunanku."

Abin ba wasa ba ne, don ko ka yi tafiyar mil ɗari biyu ba za ka samu wani filin da aka yarda a harba roka ta wuce ƙafa dubu goma ba. Sai muka ji an ja kujera baya. Delbert Kroeker ne ya miƙe.

Delbert tsohon mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, ga tumbi ga murya, ga wata farar malafa da ba ya cirewa ko a walimar coci. Tunda na san shi ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba. Shi ne wanda rokarsa ta taɓa tashi a kwance ta huda banɗakin tafi-da-gidanka, Allah ya taimaka ba kowa a ciki, amma har yau in ka tambaye shi zai ce maka banɗakin ne aka ajiye ba daidai ba.

Ya ce, "Misis Unruh, mayar da kwaɗonki aljihu. Zamanin bin roka a ƙafa ya wuce. Ni Delbert na kashe shi."

Merle Stucky, dattijon da ke duba kowace roka kafin a bari ta hau sandar harbi, ya ce, "Allah ya sa ba mu za ka kashe ba."

Delbert bai ko kalle shi ba. Ya ce zai yi lema mai kusurwa huɗu irin ta masu dirowa daga jirgi, da igiyoyin linzami biyu, dama da hagu, da ƙaramar na'ura mai jan su tana karɓar hanya daga tauraron ɗan'adam. Wannan ba sabon abu ba ne, wasu na yi, sukan saka wa na'urar wuri guda su ce ta sauka a can. Amma Delbert ya fi ƙarfin wuri guda. Shi na'ura ta biyu zai ɗinke cikin malafarsa, ta riƙa shaida wa rokar inda yake.

"Duk inda malafar nan take, nan za ta zo. In ina zaune, ta same ni a zaune. In na shiga banɗaki, ta jira ni a ƙofa."

"Ai ta san hanyar banɗaki," in ji Merle.

Misis Unruh ta ɗauki kwaɗonta ta ce za ta zo da kanta ta gani.

Mako biyu bayan haka ni da Merle muka leƙa garejinsa. Ya rataye lemar a rufi, igiyoyi na reto. Matarsa Loretta ce ta ɗinka ta, sai da ta yi kwana tara a kan keke, har ta sa wa igiyar dama jan zare don kada a rikice. Mun same shi tsaye yana fuskantar abin, ya riƙe ƙugu.

"Loretta! Zo ki ga aikinki. Kin ce ja shi ne dama, ga shi a hannuna na hagu."

Ta leƙo da cokali a hannu. "Delbert, fuskantarta kake yi. Damarka hagunta ce."

"Tawan, ke keken ɗinki kika sani, ni sararin samaniya na sani. Dama dama ce ko a duniyar wata."

"To juya mata baya ka gani mana."

"In juya wa aikina baya a gaban baƙi?"

Ya kwance igiyoyin ya sauya musu wuri, ya ƙulle tam. Ni kam a lokacin hankalina na kan kek ɗin tuffa da Loretta ta kawo mana, na ɗauka rigimar miji da mata ce kawai. Merle ya ce ya dace a fara sakin lemar daga saman rumbun hatsi a ga yadda za ta yi. Delbert ya ce ya gwada ta sau arba'in a kwamfuta, kuma duk sau arba'in ɗin a kan cinyarsa ta sauka.

Ranar Asabar ɗin harbi gari ya waye ba iska ko ta kaɗa gashin ido, sai zafi. Mutane sun fi ɗari, don labari ya zaga, har da waɗanda ba su san roka ba sai naman gashin da ake yi a bayan motoci. Misis Unruh ta zo kan babur ɗinta mai ƙafa huɗu da take kora shanu da shi, ta zauna kusa da teburina, kwaɗon a cinyarta.

Delbert ya iso da akori-kurarsa. Abin da ya fara saukewa ba roka ba ce, kujerar falonsa ce mai kishingiɗa. Ya kafa ta a tsakiyar fili, ya dasa laima a kanta, ya ajiye tulun shayi mai ƙanƙara a gefe. Sannan ya zauna a gaban jama'a ya cire takalman sau-cikinsa, ya miƙa wa Loretta, ya zura silifas na ɗaki masu gashi-gashi.

"Kai su gida, ko ki bai wa Merle. Ni na gama da su."

Rokar kuwa ba laifi, a faɗi gaskiya. Tsawonta ƙafa tara, ja wur, an rubuta sunanta da ruwan zinariya: Mai Biyayya. Merle ya juya ta, ya leƙa ta, ya girgiza fikafikanta, bai ga wani aibu ba, don in lema na ninke cikin roka igiya igiya ce. Ya sa hannu a katin yana tsaki.

Ƙa'idarmu ce duk abin da mutum ya rubuta a katinsa sai an karanta. Na gyara murya na karanta: "Mai Biyayya, ta Delbert Kroeker. Za ta hau ƙafa dubu goma sha ɗaya. Inda za ta sauka: kan wannan kujera. Shawara ga jama'a: ku sayar da takalmanku tun suna da daraja."

Aka bushe da dariya, Delbert ya ɗaga kofin shayinsa. Na ƙirga daga biyar na danna.

Kai, ta tashi! Ƙasa ta girgiza, wuta ta fito kamar tsawon mutum biyu, ta miƙe sama sak ba ko karkata. Muka ɗaga kai har wuya ya ƙage. Can sai ga ɗan farin hayaƙi, sai lema ta buɗe, ruwan lemo, kyakkyawa. Jama'a suka ɗau tafi. Ni kaina na ji daɗi har cikin raina, na ce yau filinmu ya tsira.

Lemar ta yi juyi ɗaya, ta yi rabin na biyu, kamar mai neman wani a kasuwa. Da ta gane inda Delbert yake, sai ta juya masa ƙeya ta miƙe gabas, wajen dawa.

Na ce a lasifika, "Mai Biyayya ta nufi gabas."

Delbert ya kurɓi shayi. "Kewaye take yi. Haka mikiya ke yi kafin ta sauka."

"Mai Biyayya na ci gaba da nufar gabas."

"Arlo, ka daina tayar wa mutane da hankali."

Merle ya sauke madubin hangen nesa ya ce, "Wannan mikiyar taka a jihar Missouri za ta kwana."

Sai na ji ƙaras, Misis Unruh ta buɗe kwaɗon ta sake rufe shi. Delbert ma ya ji. Ya sauke ƙafafunsa daga kujera. Ya ce nisa ne ya yi yawa, rokar ba ta jin malafar sosai, bari ya ɗan matsa mata. Ya ɗau rediyon hannu ya faɗa akori-kura ya fizge ta, ya bi hanyar da ta zagaye gonar ta arewa.

To a nan ne wasa ya yi daɗi. Yana isa arewa da ita sai lemar ta karkata ta nufi kudu, inda gidan Misis Unruh yake.

"Mai Biyayya ta nufi kudu," na sanar. "Ga dukkan alamu rufin mai gida take so."

Rediyo ya yi ƙara. "Kun gani ko? Ta juya! Ta ji ni!"

"Ta ji ka kam," in ji Merle.

Delbert ya yi kwana ya zabga gudu ya zagayo ta kudu don ya tare ta. Yana isa, ta juya arewa. Ya koma arewa, ta juya kudu. Zafin ranar kuma ya riƙe ta a sama, ta ƙi saukowa da wuri. Mutum ɗari sun tsaya da nama a hannu, kawunansu na bin abin dama da hagu. Wani ya hau rufin mota yana ihu, "Delbert, roƙe ta!" Wata mata ta ce a ba shi fure ya kai mata.

A zagaye na uku ya ce zai yanke hanya ta gefen tafkin da shanu ke shan ruwa. Muka hango akori-kurar ta shiga, muka hango laka ta tashi, ba mu hango ta fito ba. Shanu suka taru suna kallo.

"Delbert, Arlo ne. Kana lafiya?"

"Lafiya lau. Na ajiye motar ne, a ƙafa ya fi sauri."

"A ƙafa? Ai an kashe wannan zamanin."

Ya yi kamar ya kashe rediyon. Sai ga farar malafa ta fito daga laka, tana ɗingishi, don silifas ɗaya ya zauna a tafki. Rokar a lokacin tana saman tsakiyar dawa, ta sauko ƙafa dubu huɗu, shi kuma yana yamma da ita, don haka ta sake miƙewa gabas. Na ga malafar ta tsaya a bakin gona, ta waiga, ta yi kamar mai tunani. Na damƙi lasifika da hannu biyu.

"Delbert, kar ka shiga! Don girman Allah kar ka shiga!"

Ya shiga. Dawar Kansas gajeriya ce, iyakarta ƙirji, saboda haka kowa na ganin malafa na ratsa ta, a bayanta kuma hanya na buɗewa daidai faɗin Delbert. Dariya ta mutu a bakin kowa. Ni dai na fara tunanin inda zan kai rokokina goma sha huɗu in jingine su su yi ƙura.

Duk wannan abin Misis Unruh ba gonarta take kallo ba, sama take kallo, ta kare ido da tafin hannu. Can ta ce, "Ɗana, ba ni rediyon nan." Na miƙa mata.

"Delbert Kroeker, kunna abin nan, na san kana ji. Shekara hamsin ina kora shanu. Wannan abar taka ba ɓata ta yi ba, gudunka take yi. Ka bi ta baya ta yi gaba, ka bi ta dama ta yi hagu. Karsana ce sak."

Loretta, wadda tun ɗazu take rungume da takalman mijinta, ta ce, "Igiyoyin ne. Na faɗa masa. In ta so zuwa dama sai ta ja hagu, to ina za ta tsaya in ba ta ba shi baya ba?"

Merle ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Misis Unruh ta ce, "Ka ji matarka. Daina bin ta. Zagaya ka sha gabanta, ka koro mana ita."

Muryar Delbert ta fito yana haki. "Misis Unruh, da girmanki, wannan kimiyya ce, ba kiwo ba."

Ta dire rediyon, ta cusa kwaɗo a aljihu, ta haye babur ɗinta. Tsohuwa mai shekara saba'in da shida, amma yadda ta tashi sai da ta watsa wa teburina tsakuwa. Akwai wata siririyar hanyar tarakta da ta raba gonar biyu, ita kaɗai ta san ta. Ta bi ta nan. Na karɓi madubin Merle ina ba da labari kamar mai sharhin tseren dawaki.

"Misis Unruh ta shiga! Tana matsowa! Delbert ya fito kan hanya, yana ɗaga mata hannu, ya ɗauka ɗaukarsa za ta yi. Ba ta rage gudu ba. Jama'a, ta fizge malafar!"

Wani abu ya ƙyalla a tsakiyar dawa kamar an kifa kwanon silba. Wani ya ce, "Ashe sanƙo ne!" Sai wuri ya kece da dariya.

Tsohuwa kuwa ta ɗora malafar a kanta ta wuce rokar, ta fita gabas da ita, ta juyo. Nan take Mai Biyayya ta yi kwana ta nufo mu. Ta so zillewa arewa, Misis Unruh ta sha ta arewa. Ta karkata kudu, ta tare ta. Muna jiyo ta daga nesa tana "Hoo! Hoo, 'yar nema!" Ta fito da ita daga saman dawa, ta tsallako da ita shinge, ƙafa ɗari biyar, ƙafa ɗari biyu.

"Kowa ya duba sama! A ba ta hanya!"

Mutane suka watse. Mai Biyayya ta sauko a hankali, ta ture laima, ta kifar da tulun shayi, ta kwanta a kan kujerar mai kishingiɗa, nauyinta ya sa matakin ƙafa ya ɗago da kansa. Lemar ta sauko ta lulluɓe ta. An yi ihu, an yi fito, an buga ƙahon motoci, Merle da ban taɓa ganin haƙoransa ba har rawa ya taka.

Sai da aka yi kusan awa guda kafin Delbert ya iso, don ba wanda ya tuna ya je ɗauko shi. Laka har gwiwa, silifas ɗaya, ƙaiƙayin dawa ya cika masa wuya, sanƙon ya yi ja kamar tumatir. Ya tsaya ya kalli kujera. Ya kalle mu. Sai ya buɗe hannuwa.

"Arlo, sake karanta katin. Ina na ce za ta sauka?"

"Kan kujera."

"Ina ta sauka?"

Loretta ta ajiye masa takalmansa a gabansa.

Misis Unruh ta sauko daga babur, malafa a kanta har kunne, ta zaro kwaɗon.

Ta ce, "Na ce ƙafa ɗaya. Ka shigar min da biyu, ɗaya ma ba takalmi. Ka yi min titi a gona."

Delbert ya buɗe baki, Merle ya taka masa ƙafar da ba silifas.

Ta jujjuya kwaɗon a hannu. "Amma shekara goma sha ɗaya kuna harba tarkacenku a nan, yau ne kawai na ga abin da za a iya kora daga dawata. Ga sharaɗina. Malafar nan zan kafa ta kan dogon sanda a tsakiyar gona. Duk mai son harbi a filina ya sa irin lemar nan, ya ɗaura igiyoyinsa yadda wannan gwanin ya ɗaura. Kada wanda ya gyara komai."

Ta miƙa min kwaɗon ta ce in ƙulle akwatin kayan aiki da shi. Na karɓa da murna.

Delbert ya shafa kansa ya ce, "To ai malafar tawa ce, Misis Unruh."

"Taka ce. In kana so ka hau sandan da ita, ni ba ruwana."

Haka aka yi. Loretta ta ɗinka lemomi sun fi ashirin kafin sanyi ya shigo, aka girbe dawa ba wanda ya sake taka ta. Yawancinmu muna saita lemar ta buɗe ƙasa-ƙasa, roka ta ɗan guji malafa ta faɗo mana a makiyaya. Delbert kuwa ya ce shi wanda ya ƙirƙiro abu ba ya buɗe lema a ƙasa kamar matsoraci, tasa tun daga ƙololuwa take buɗewa. Katinsa na watan jiya cewa ya yi: "Delbert Kroeker, wanda ya ceci filin nan da gangan." Na karanta, na ƙirga, na danna. Mai Biyayya ta hau, ta hango malafa a gabas, ta juya yamma ta kama gudu.

Ya zauna ya ɗaure igiyar takalminsa, ya ja hular kwanon da Loretta ta saya masa, ya cika gorar ruwa. Mil huɗu da rabi ranar, zuwa kaɗai.